Wutar da Ke Jin Sanyi a Gidan Hautala

Duk wanda ya ratso gidan Hautala a farkon sanyin nan, tukunyar ɗumama gidan ya zo gani. Wata ƙatuwar aba ce baƙa a tsakar fili, taku arba'in daga gida, an yi mata 'yar rumfar kwano, tana ta tuƙa hayaƙi. Maza sukan sauko daga mota su zagaya ta, su cire safar hannu su shafa ɗinkin waldar, su gyaɗa kai. Ba wanda ya juya ya dubi gidan kansa. Da sun duba, da sun ga tagar ƙaramin ɗakin ƙasa mai fuskantar filin, an naɗe wani tsohon tawul an cusa a gindinta. Daga ciki labule ya rufe shi. Raili Hautala ma, wadda ta gina tukunyar da hannunta, sai da ta yi mako biyar tana wucewa ta gaban tagar nan safe da yamma ba ta gani ba.

Raili tana da shekara ashirin da uku ta shiga shagon gyara na mahaƙar tama, ita kaɗai mace cikin maza arba'in. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana walda a wurin. A shagon nan akwai wata al'ada. Ranar Juma'a mai duba aiki yakan zagaya da alli rawaya, duk ɗinkin da ya zana wa layi, mai shi ne zai ɗauki wuta ya farke shi a gaban kowa, sauran kuma su yi ta buga guduma a kan tebur har ya gama. An zana wa tsofaffin hannu, an zana wa shugabanni. Har ta bar aiki allin nan bai taɓa sauka a kan ɗinkinta ba. Ba ta cika magana a kai ba, amma duk yankin an sani.

Wani abin da ta taso da shi daga can shi ne ƙin siririn ƙarfe. Mutumin mahaƙa, in zane ya ce a sa rubu'in inci, rabi zai sa, ya kwana lafiya. Abin da aka gina don ya ɗauki dutse, ba a taɓa jin an yi kuka ya yi girma ba.

Mijinta Veikko a sashen niƙa dutse ya yi nasa aikin, inda ƙura take. Ya fito da huhu rabi. A bazarar da ta wuce aka kwantar da shi asibiti kwana tara, likita kuma ya ce daga yanzu ba shi ba hayaƙi, ko na murhu ko na kyandir. Gidan kuwa tun zamanin kakansa da murhun itace ake ɗumama shi. 'Yarsu ɗaya, Janelle, da ke aiki a kantin magani a birnin Duluth, ta ce ta riga ta gyara ɗaki, su tattaro kawai.

"A ɗakin can aka haife ni," in ji Veikko, ya nuna da haɓa. "Me zan je yi a Duluth? In zauna a bene ina ƙirga motoci?"

"Baba, za ka je ka yi numfashi."

Raili ce ta raba gardamar. Ta ce za ta fitar da wutar daga gidan gaba ɗaya. Za ta gina murhu a waje, ta kewaye shi da ruwa, famfo ya riƙa tura ruwan zafin ta bututu a ƙarƙashin ƙasa zuwa cikin gida. Zafi ya shigo, hayaƙi ya tsaya a waje. Janelle ta daɗe tana kallon uwarta.

"To, na ji. Amma ranar da na shigo gidan nan na ji warin hayaƙi, ko ranar da aka sake kwantar da shi, zan ɗauke shi. Ba shawara."

"Na yarda," in ji Raili.

Wata huɗu ta yi a kan aikin. Ta samo tsofaffin tankunan gas biyu, ta cika su da ruwa ta zubar har sau uku kafin ta yarda ta kusanto da wuta. Ƙaramin ta zura cikin babban, shi ne ɗakin wutar, ratar da ke tsakaninsu kuma mazaunin ruwa. Ta yanka ƙofa mai faɗin da za a cusa gungume sukutum ba sai an faskara ba, domin Veikko ya daina ɗaga gatari, ita kuma kafaɗarta ta fara ba ta labari. Ta bar wani ɗan bututu a buɗe a sama don kada tururi ya taru. Ta sa fanka mai hura wutar in ruwa ya huce, ta tsaya in ya yi zafi. Farantin bayan kuwa, wanda ya rufe tankunan biyu, a zama ɗaya ta zagaye shi da walda. Ɗinkin ya fito sumul, kowace ƙwaya daidai da 'yar'uwarta.

Maƙwabcinsu Rudy Zupan, wanda suka yi shekara ashirin tebur da tebur a shagon, shi ke zuwa ya riƙe mata ƙarfe ya kuma cika mata kunne.

"Hautala, gida za ki ɗumama ko gari?"

"Riƙe min nan."

"A'a, gaya min gaskiya. In jirgin ruwa ne, in fara haɗa kaya."

"Zupan, bakin nan naka bai taɓa haɗa ƙarfe biyu ba. Ɗaga kaɗan. Ba can ba, nan."

Ranar da aka kunna, a farkon Nuwamba, gidan ya yi ɗumin da bai taɓa yi ba. Har ɗakin sama, inda da ruwa ke daskarewa a kofi, sai da aka cire bargo ɗaya. Veikko ya yi ta yawo da 'yar shara yana cewa an kai shi Florida, ƙasar zafi, ba tare da an tambaye shi ba. Daga ranar ya sa mata suna Injiniya. Janelle ta zo sau biyu, duka a ranakun iska, ta shaƙa, ba ta ji kome ba, ta koma.

Sai wata safiya a tsakiyar Disamba, sanyi ya kai digiri talatin ƙasa da sifili, iska kuma ta ɗauke ɗif. Raili ta cusa gungume biyu ta rufe ƙofa, ta tsaya tana gyara hula. Fanka ta tashi. Hayaƙin da ya fito bai hau sama ba. Ya gangaro ta kan rumfar, mai kauri, ruwan ƙasa, ya kwanta a kan dusar ƙanƙara, ya kama rarrafe. Ta bi shi da ido har ya isa bangon gidan ya jingina, daidai ɗakin da Veikko ya koma kwana tun da matakala ta fi ƙarfinsa. A nan ta ga tawul ɗin.

Ta shiga ba ta ko cire takalmi ba, ta ja labule ta zaro shi. Da damshinsa, gefen da ya kalli waje kuma ya yi baƙi. Veikko yana teburin cin abinci da robar iska a hancinsa, yana tsoma nisu, burodin gargajiyarsu mai zaƙi, a kofi. Ta ajiye tawul ɗin kusa da farantinsa.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kar ka mai da ni yarinya, Tsoho."

Ya tauna abin da ke bakinsa a hankali. "Tsohuwar taga ce. Tana shigo da iska."

"Iska ba ta baƙanta tawul."

"Tun makon farko," in ji shi. "Ba kullum ba. Ranar da babu iska."

A gidajen mutanensu ba a ce wa mutum aikinsa bai yi ba. Sai dai a yi shiru, in yana da ido ya gane. Raili ta san wannan, da shi aka raine ta, amma ba ta taɓa tsammanin za a yi mata shi a cikin gidanta ba.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wata huɗu kina durƙushe a kan abin nan. Da wane baki?"

"Da bakin da kake tari da shi."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ta tsaya ta jira shi. Da ya lafa sai ya goge ido ya ce, "Waldarki ba ta da aibi. Ko ɗigo ba ya fita. Wutarki ce take jin sanyi, Injiniya."

Ta ja kujera ta zauna.

Veikko bai taɓa riƙe sandar walda ba, amma tun yana ɗan shekara shida shi ke hura murhun sauna, ɗakin wankan zufa da ke bayan gida, kowace Asabar. Ya ce wuta tana son bango mai zafi ta jingina. Ita kuwa ta gina mata ƙaton ɗaki, ta lulluɓe shi da ruwa ta ko'ina, duk zafin da wutar ta yi ruwan ya janye tun ba ta ƙone hayaƙinta ba. Ga shi tukunyar ta fi abin da gidan ke buƙata girma sau uku, sai ta yi minti goma tana ci, ta yi awa biyu tana kwance tana turara. Ga gungumen da ake ba ta ɗanye.

"Ba ci take yi ba," in ji shi. "Gunaguni take."

"Ka san duk wannan tun ina zane."

"Na zata ƙarfe ya san abin da ban sani ba."

Ba ta yarda nan take ba. Ta kira Rudy suka ƙara wa bututun hayaƙi tsawon ƙafa shida. Ya rage, bai hana ba. Ta daina sa ɗanyen gungume, ta koma jibgin busasshen itacen da Veikko ya faskara ya jera kafin ya kwanta, layi bakwai a bayan sauna, waɗanda ta yi watsi da su don sun yi wa ƙofarta ƙanƙanta. Wannan ma ya rage. Amma ranar da iska ta sake ɗaukewa, ta tsaya a fili ta ga abin ya sake rarrafawa, ya ɗan fi siranta kawai. Ta shiga ta tarar Veikko ya kunna rediyo da ƙarfi, ta kuma san tarinsa yake rufewa da shi.

Ta zauna da fensir ta sake zane. Dole a rage ɗakin wutar rabi, a shimfiɗa masa tubalin wuta ƙasa da gefe, a gitta faranti a sama don hayaƙi ya zagayo ta kan harshen wuta, a shigo da bututu mai huda-huda ya ba shi iska a nan ya ƙone, mafitar hayaƙin kuma ta koma baya. Ta juya zanen ta kowace fuska. Ba yadda za a yi a kai ga wurin sai an cire farantin baya. Kuma sai an kashe wuta an zubar da ruwa, kwana uku aƙalla, gidan ya koma kamar rumbun ƙanƙara. Ƙirjin Veikko ba zai ɗauki wannan ba ko na wuni.

Da hantsi ta kira Janelle. Ta faɗa mata kome, har da tawul. Can ɓangaren ana jin ƙarar na'urar kantin.

"Mama, kin san in na ɗauke shi ba lallai in dawo da shi ba."

"Na sani."

"To me ya sa kika kira ni? Da kin kai shi gidan Rudy kwana uku, wa zai gaya min?"

"Murhu ne a tsakiyar falon Rudy, ga shi yana shan taba. Kuma ba zan ɓoye miki maganar ubanki ba. Ɓoyon da aka yi a gidan nan ya isa."

"Gobe da safe ina hanya. Ki haɗa masa magungunansa duka, ba na kwana uku ba."

Veikko bai yi gardama ba. Ya tsaya dai a bakin mota ya daɗe yana kallon gidan, har Janelle ta ce, "Baba, sanyi." Ya ce wa Raili ta fara da layin itacen da ke gabas, shi ya fi daɗewa. Ita kuma ta ce masa kada ya cika wa yarinya ciki da surutu. Iyakar sallamar ke nan.

Ta jona hita biyu na lantarki a inda bututun ruwan gidan yake don kada su fashe, ta buɗe wa tukunyar baki ruwa ya tsiyaye. Rudy ya iso da tsohuwar motarsa cike da tubalin tanderun da mahaifiyarsa ke gasa burodi a ciki, wanda ya rushe shekara goma da suka wuce bai iya zubarwa ba. Suka sauke. Ya zagaya baya ya tsaya gaban ɗinkin, hannu a aljihu.

"Kin san na zo miki da tsaraba," in ji shi. "Shekara ashirin ina jiran ranar nan. A hanya har waƙa na yi."

"Fito da shi."

"Bari kawai. Na fasa."

Ta miƙa hannu. Ya zaro guntun alli rawaya, ya ajiye mata a tafi yana kallon wani wuri. Ta durƙusa ta zana layin da kanta, ta bi ɗinkin tun daga sama har ta zagayo. Ta saukar da gilashin walda a fuska, ta kunna wutar yanka. Akwai guduma a kan benci kusa da hannun Rudy. Bai taɓa ta ba.

Minti arba'in ta ɗauka. Ƙarfen rabin inci ne, ita ta zaɓe shi, ita kuma ta sha wahalarsa. Da farantin ya saki suka kwantar da shi a kan ƙanƙara, sai ga cikin tukunyar a fili. Baƙar kwalta ta daskare a bango, kaurin yatsa, tana ƙyalli. Rudy ya kankara da wuƙa ya shinshina.

"Wannan ai titi za a yi da shi."

"Wannan ne yake shaƙa," in ji Raili. Ta ɗauki makankari ta shige ciki da rarrafe.

Kwana uku suka zama huɗu. Ƙarfe mai sanyi ba ya karɓar walda sai an gasa shi tukuna, yatsunta kuma sukan ƙage bayan kowane taƙi, sai ta cusa su a hammata ta jira. Sabon ɗinkin ya riƙe ruwa, ta gwada shi sau biyu, amma an ga duk inda ta tsaya da inda ta ci gaba. Rudy ya ce ya yi kama da nasa. Ta ce masa kada ya zage ta a filinta. Kowace yamma Janelle takan kira ta ce Baba lafiya, ya ci abinci, tarin ya ragu sosai. Raili takan ce madalla. Ta san abin da raguwar tarin ke nufi, ba ta kuma iya yi masa baƙin ciki ba.

Ranar Juma'a ta kunna wuta. Ranar Asabar da hantsi motar Janelle ta shigo. Veikko yana gaba, an naɗe shi da bargo. Janelle ta fito ita kaɗai ta bar injin yana aiki.

"Ziyara muka zo," ta ce. "Kwana huɗu bai bar ni na huta ba. Jakarsa tana baya, a can za ta zauna tukuna."

"To."

"Na duba labarin yanayi. Na zaɓi yau ne don sun ce ba iska."

"Da ni ce ma haka zan yi."

Lokacin fankar tana kwance. Raili ta ce mata sai a jira, domin sa'ad da wuta ta farka bayan ta daɗe a kwance, a nan ake gane gaskiyarta. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a tsakar fili, uwa da 'ya. Ba su saba tsayuwa tare babu aiki a hannu ba. Can Janelle ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Baba ya ce min ke kika zana allin da kanki. Rudy ya kira shi."

"Zupan ba ya iya riƙe kome sai ƙarfe. Shi ma a karkace."

Fanka ta tashi. Farin hayaƙi ya bulbulo daga bututun, ya taru a sama kamar yana shawarar inda zai nufa. Raili ta kafa masa ido. Ta fara ƙirgawa a ranta. Kafin ta kai saba'in farin ya sirance, ya koma shuɗi-shuɗi, daga nan sai iska kawai ake gani tana rawa a bakin bututun, itatuwan da ke bayansa suna karkarwa.

Janelle ta juya ta nufi gidan. Ta taka har gindin tagar ƙaramin ɗakin ta tsaya ta shaƙa. Ta shiga gidan ta daɗe. Ta fito ta ce sai ta ga na biyu. Suka sake jira, kusan rabin awa, Veikko ya sauke gilashi kaɗan ya ce in sun gama kallon sama a tuna akwai mutum a mota. Na biyun ya fi na farko saurin washewa, domin tubalin ya riga ya ɗau zafi.

"Sau nawa za ki riƙa zuba mata itace yanzu?"

"Uku a wuni. Kaɗan-kaɗan."

"Da kafaɗar nan taki?"

"Ita ce da ni."

"In layukan Baba suka ƙare fa?"

"Za su kai mu baɗi. Na bayan su zan faskara da bazara, in bar su su bushe."

Janelle ta dubi ɗinkin bayan tukunyar, ta dubi hannun uwarta da ya tsattsage. Ta je ta buɗe bayan mota ta fito da jakar.

"Zuwa ƙarshen Fabrairu," ta ce. "Kowace Asabar ina nan. Kuma in wani abu ya faru, ke za ki kira ni, ba Rudy ba. Baba, kai kuma in ka sake yi mata shiru, ni da kai ne."

"Ni dai na zama abin magana ko'ina," in ji Veikko. Ya sauko a hankali yana dafa ƙofa. Bai nufi gida ba, sai da ya sa aka buɗe masa tukunyar ya leƙa. Ya kalli tubalin da ya yi ja, ya kalli harshen wutar da ke lanƙwasa a ƙarƙashin farantin.

"Kin cika mata ciki," ya ce. "Rage guda biyu gobe."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Janelle ta kama hannunsa suka shiga. Raili ta rufe ƙofar tukunyar ta ɗaure marikin. Ta lura kwana huɗun nan ba wanda ya share hanyar akwatin wasiƙa, dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Ta ɗauko shebur daga jikin rumfa, ta fara daga bakin titi.